Wa Ya Ce Kakanninmu Ba Sa Ganin Shuɗi?

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da waɗanda dama sun fi son su karanta da kansu.

Yau tarihi za mu taɓa, amma ba na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Tarihin yadda mutane ke ganin launi ne, da yadda aka taɓa yanke wa al'ummai hukunci a kansa. Zan fara da wani abin kunya da na tafka ina aji ɗaya a sakandare.

Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, 'yar Kura ce, kuma mahaifinta marini ne. Wata rana ta aike ni ɗakinta, ta ce, "Maigida, ɗauko min baƙin zanen nan na ƙasan adaka." Maigida take ce min, irin wasan kaka da jika. Na shiga na birkita adakar kaf, ban ga baƙin zane ba. Abin da na gani wani zane ne shuɗi mai duhu, sai ƙyalli yake yi. Na fito da shi ina dariya, na ce, "Iya, wannan ai ba baƙi ba ne, bulu ne. Ke ba kya gane kala ne?" Lokacin an gama koya mana launuka bakwai na bakan gizo da Turanci, ji nake duk gidan babu mai ilimina.

Ba ta yi fushi ba. Ta karɓa ta shimfiɗa shi a cinya, ta ce, "Shuɗi shi ne wanda aka tsamo daga karofi bai gama sha ba. Wannan ya sha ya ƙoshi." Ni dai na tafi da yaƙinin cewa idon tsohuwa ya fara tafiya.

Sai da na je jami'a, ita kuma ta riga ta rasu, sannan na gano cewa hukuncin da na yanke mata a tsakar gida, manyan masanan Turai sun yanke wa rabin duniya irinsa shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Su da littattafai suka yi nasu.

A 1858, wani ɗan majalisar Ingila mai suna William Gladstone, wanda daga baya ya yi firaminista har sau huɗu, ya fitar da littafi mujalladi uku, shafi sama da 1,700, a kan Homer, mawaƙin tsohuwar Girka. Mutum ne mai naci. Ya zauna ya ƙirga kalmomin launi na cikin waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya. Ya samu baƙi kusan sau 170, fari kusan sau 100, ja sau 13, rawaya da ƙyar ta kai goma. Shuɗi kuwa babu wata tsayayyar kalma da za a nuna a ce ga shi. Mawaƙi ne da ya cika baitocinsa da teku da sararin sama, amma in zai faɗi launin teku sai ya kwatanta shi da giyar inabi, kuma da wannan kalmar yake siffanta shanu. Zuma kuwa sai ya ba ta kalmar da ake ba ɗanyen ganye. Gladstone ya ce ashe idon Girkawan wancan zamani bai gama koyon launi ba, duniyarsu ta fi karkata ga haske da duhu. Ya kuma kawo dalili: wai sana'ar rini ba ta yi nisa a wurinsu ba, don haka ido bai samu abin yin atisaye ba. Ku riƙe min wannan maganar ta rini, za mu dawo kanta.

A 1867 wani masanin harsuna Bajamushe, Lazarus Geiger, ya faɗaɗa zancen. Ya bi tsofaffin littattafan Indiya da na Yahudawa da na mutanen arewacin Turai, ya lura cewa harsuna suna samun kalmomin launi ne bi da bi: baƙi da fari tukuna, sai ja, sai rawaya, sai kore, shuɗi ne autansu. Wannan lura tasa tana da gaskiya a ciki. Inda aka ɓata shi ne wajen fassara ta. A 1877 wani likitan ido a birnin Breslau, Hugo Magnus, ya ce ai ƙwayar idon ɗan Adam ce take girma a hankali tsara bayan tsara, ta fara da ganin ja, ta ƙare da shuɗi.

To kun ga inda maganar ta nufa. Tsofaffin Girkawa sun mutu, ba a iya duba idonsu. Amma akwai rayayyun mutane da Turawan lokacin suke ɗauka an bar su a baya, wai har yanzu suna ƙuruciyar ɗan Adam. Mu ke nan. Kuma wannan duk 'yan shekaru ne kafin a zauna a Berlin a yanka Afirka kamar tuwo.

Kafin in kai ku wurin gwajin, sai mun ɗan ratse ta hanyar jirgin ƙasa, domin a can aka samo ma'aunin. A watan Nuwamba na 1875, cikin dare, jirage biyu suka yi karo a wani wuri da ake kira Lagerlunda a ƙasar Suwidin, mutum tara suka mutu. Wani farfesa a jami'ar Uppsala, Frithiof Holmgren, ya ce ƙila wani daga cikin ma'aikatan ne ba ya bambance jar fitila da koriya. Masu bincike na baya-bayan nan sun ƙalubalanci cewa wannan ne ya jawo hatsarin, amma a lokacin maganar ta kama. Holmgren ya haɗa wani gwaji mai sauƙi: a zube wa mutum ƙulle-ƙullen zaren ulu masu launi iri-iri, a ɗaga ɗaya, a ce ya tsinto duk waɗanda suka yi kama da shi. Ya gwada ma'aikatan wani layin dogo su 266, ya samu 13 suna da matsala. Kyawun gwajin shi ne ba a tambayar ka sunan komai. Hannunka ne zai nuna abin da idonka ya gani.

A 1878, wani dillalin namun daji mai suna Carl Hagenbeck ya kawo wasu mutane daga Sudan, waɗanda aka tallata da sunan Nubiyawa, ya ajiye su a gidan namun daji na Berlin tare da raƙuma da sauran dabbobi. Mutane ne fa, a gidan zu, ana biyan kuɗi ana shiga kallonsu. Duk lokacin da na zo wannan gaɓar sai na ɗan yi shiru. Masana na ƙungiyar nazarin ɗan Adam ta birnin, ƙarƙashin fitaccen likita Rudolf Virchow, suka je da awo. Suka auna kawuna da hanci da kunne, sannan aka zube zaren Holmgren. Da aka ɗaga shuɗin zare aka tambayi sunansa, wasu suka ce baƙi, wasu suka ce kore. Daidai da abin da Iya ta ce. Amma da aka ce su tsinto masu kama da juna, sai suka ware shuɗi da shuɗi, kore da kore, baƙi da baƙi, babu kuskure.

Shi ma Magnus, a ba shi haƙƙinsa, bai tsaya a kan ra'ayi kawai ba. Ya buga takardun tambaya ɗauke da launuka, aka rarraba wa 'yan mishan da 'yan kasuwa da likitoci a sassan duniya. Amsoshin da suka dawo duk bakinsu ɗaya: mutanen suna gani sarai, suna ne babu. Wani ɗan mishan da ke zaune cikin kabilar Herero, a ƙasar da yau ake kira Namibiya, ya rubuto cewa suna bambance kore da shuɗi, sai dai abin dariya suke ɗaukar a ce wai sai an ba kowanne sunansa daban. Kuma mutanen nan suna da tarin kalmomi na launin shanu da Bature bai san ta inda zai fara ba. Wannan ya tuna min da dawaki a wurinmu. Je ka bargar wani basarake ka ce "baƙin doki" ko "farin doki", ka ga kallon da za a yi maka. Akawal ne, kili ne, danda ne, hurde ne. A 1880 Magnus ya wallafa sakamakon, ya amince cewa rashin kalma ba rashin gani ba ne, duk da bai saki tsohon ra'ayinsa gaba ɗaya ba.

Yanzu bari in juya maganar, domin akwai kishiyarta, kuma ita ce ta fi taɓa ni. Akwai wanda yake da kalmomin duka amma idonsa ba ya ganin bambancin.

John Dalton, masanin kimiyyar nan na Manchesta da aka koya mana a darasin kemistiri, ya kai shekara ashirin da shida bai san cewa duniyarsa daban take ba. A 1792 ya kalli wani fure da rana ya gan shi kamar sararin sama, da dare a hasken kyandir ya gan shi ja. Ya tambayi abokansa, kowa ya ce furen bai canza ba, sai ɗan'uwansa kaɗai ya ga irin abin da ya gani. A 1794 ya gabatar da bayani a kan lamarin. Shi a zatonsa ruwan cikin idonsa ne yake da shuɗi-shuɗi, har ya bar wasiyya a buɗe idon bayan ya mutu. Ya rasu a 1844, likitansa ya buɗe, ya tarar ruwan garau yake. Aka adana ragowar idon. Sai a 1995 aka gwada ƙwayoyin halittar da ke ciki, aka tabbatar cewa daga cikin nau'i uku na ƙwayoyin da ke karɓar launi a bayan ido, Dalton ba shi da ɗaya, wanda ya fi kula da ɓangaren kore.

Muna da kalmar dundumi ga wanda ba ya gani da dare. Wannan kuwa sai dai mu ce makantar launi, duk da ba makanta ba ce, ja da kore da ruwan ƙasa ne suke cakuɗe wa mutum. Gado ne, kuma ta wajen uwa yake bi ya sauka kan 'ya'ya maza. A Turawan arewacin Turai kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da shi, mace ɗaya cikin 200. A Afirka bai kai haka yawa ba, amma akwai shi, kuma na san akwai shi domin na gani.

Shekaru kaɗan da suka wuce, mu matasan unguwa muka haɗa kuɗi muka je gyaran wani aji a makarantar firamare. An zuba fenti a yankakkun jarkoki, babu rubutu a jiki. Aka ba wani abokina zanen tutar Najeriya a bango. Kafin mu waiwayo ya shafe gefe guda da ruwan ƙasa, yana ta aikinsa hankali kwance. Muka yi ta dariya, ana ta tambayarsa tutar wace ƙasa ce wannan. Shi ma ya yi dariya, ya ce ƙura ce ta shiga idonsa. Ba wanda ya kawo komai a ransa, har da ni da na karanta labarin Dalton.

Bayan wata shida ya je gwajin lafiya na wani aikin ɗamara da ya shekara uku yana wa shiri, gudu da asuba, komai da komai. Aka buɗe masa wani littafi mai ɗige-ɗige masu launi, wanda wani likitan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar tun 1917, aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Ya ce babu lamba. Nan aka sallame shi. Yana da shekara ashirin da biyar, ya yi firamare, ya yi sakandare, ya yi difloma, ba wanda ya taɓa ɗaukar minti biyar ya nuna masa wannan littafin. Ya san ciyawa koriya ce, jini ja ne, domin haka aka gaya masa, kuma ya haddace. Da an gwada shi yana aji uku, da ya zaɓi wata hanyar tun da wuri. Ni a ganina wannan gwajin ya kamata ya shiga kowace firamare.

To mu dawo kan Iya. In ba matsalar ido ba ce, me take aunawa da ni ban auna ba?

Amsar ta zo min ta hannun wani mai zane kuma malamin zane a Boston ta Amurka, Albert Munsell. Ya gaji da yadda ake kiran launi da sunan 'ya'yan itace da furanni, kowa da abin da yake nufi. Ku ma kun san wannan ciwon. Duk wanda ya taɓa shiga rigimar ankon biki a WhatsApp ya san cewa "ruwan goro" ba magana ɗaya ba ce. A 1905 Munsell ya fitar da littafi, ya ce kowane launi tambaya uku ake yi masa. Wane iri ne, ja ne ko kore ko shuɗi? Yaya haskensa ko duhunsa? Sannan yaya ƙarfinsa, ya ciza ko ya yi sanyi? Ta ukun nan ce take wa mutane wuyar kamawa. Ku tuna ganyen darbejiya a watan Agusta, da ganyen bishiyar nan ɗaya a tsakiyar hunturu, hazo ya lulluɓe ta. Duka kore ne, amma ɗaya yana ihu, ɗaya yana raɗa. Ko kuma a wayarku, wajen gyaran hoto, akwai wani layi da in ka ja shi ƙasa kala za ta yi ta mutuwa har hoton ya koma fari da baƙi. Wannan layin shi ne tambaya ta uku. Har yau masu karatun aikin gona da jadawalin Munsell suke auna launin ƙasa.

Makaranta ta koya min tambaya ta farko kawai, ta ce ita ce launi. Hausa kuwa, in kun lura, ta fi zuba ƙarfinta a ta biyu da ta uku. Ba ma cewa ja mu yi shiru. Ja wur ne, ko kuwa jaja-jaja? Kore shar. Baƙi ƙirin, baƙi wuluk, ko kuwa baƙi-baƙi. Fari fat, fari tas, fari sol, ko fari-fari. Kalma ɗaya a baya ta ɗaga launin sama, maimaitawa ta sauke shi ƙasa. Ga kuma aikatau: kala ta ciza, rini ya turu, atamfa ta koɗe, fenti ya dusashe, shadda ta zuba. Wannan ma'auni ne cikakke, a cikin nahawu yake zaune, yaro ɗan shekara biyar yana amfani da shi bai san sunansa ba.

Wajen iri kuwa ba mu cika tsanantawa ba. Akuyar Sakkwato ruwan ƙasa ce in ka bi littafin makaranta, amma jar akuya muke cewa. Bature wani lokaci farar fata ne, wani lokaci jar fata. In muna buƙatar sabon iri sai mu aro daga wani abu da kowa ya sani, mu sa masa "ruwan" a gaba. Kuma a jerin nan ana karanta tarihin kasuwa tsaf. Ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, daga tsakar gida da daji suke. Ruwan goro ya biyo fatake daga kurmi. Ruwan hoda, ruwan bula, ruwan omo, waɗannan kantin Bature ne ya kawo su. Ita kanta rawaya sunan tsiro ne da ake samun rini daga saiwarsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kore. A bakin tsofaffi, kore sunan babbar riga ce da aka rina da baba har ta yi duhu, aka buge ta tana walƙiya. Launin ganye kuwa suna da tsanwa da algashi. Yaushe rabon da ku ji wani ya ce algashi?

Yanzu ga maganar rinin da na ce ku riƙe min. Gladstone ya ce ido yana koyon launi ne a inda rini ya yi ƙarfi. To a daidai shekarun 1857 da 1858 da littafinsa ke fitowa, a nan Landan ɗin aka buga littafin tafiye-tafiyen wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a farkon 1851 yana kiran kansa Abdulkarim. Barth ya rubuta cewa arzikin Kano saƙa ne da rini, tufafinta suna kaiwa Timbuktu da Gat da Murzuk har Tarabulus, kuma ya ƙiyasta cinikin da aƙalla wuri miliyan 300 a shekara. Marinar Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da 1498 tana nan har gobe. Wato lokacin da ake muhawara a Turai ko baƙar fata yana ganin shuɗi, shuɗin ne yake ciyar da birni guda da garuruwan da ke kewaye da shi.

Duk wanda bai taɓa tsayawa a bakin karofi ba, don Allah ya je. Ana haɗa ruwa da toka da baba a rami, a bar shi kwanaki ya ruɓa, ana motsawa. In an tsoma farin ƙyalle aka ɗago, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa. A gabanka iska za ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, kowane zuwa yana ƙara masa duhu. Aikin marini gaba ɗaya shi ne sanin a wane mataki ake, kuma a matakin ne kuɗin yake. Mai haske farashinsa daban, wanda ya turu daban. Na ƙarshe, wanda ya sha ya ƙoshi, shi ake kai wa masu bugu su ɗora a kan gungume, su barbaɗa shuni, su yi ta dukansa har ya ɗauki ƙyalli kamar ƙarfe. Shi ne turkuɗi, shi ne rawani ɗan Kura, wanda Buzaye ke tsallako hamada su saya, yana zuba a fatarsu har Turawa suka laƙaba musu shuɗɗan mutane. A bakin masu sana'ar, wannan matakin sunansa baƙi. In ka kira shi shuɗi ka rage masa daraja, kamar ka ce wa dafaffen abinci ɗanye.

Abin da na yi wa Iya ke nan. Ta faɗa min matsayin zanenta a ma'aunin gidan ubanta, ni kuma na ce mata ba ta gane kala. Kuma ita Jamus ɗin da aka kai mutane gidan zu a duba ko suna ganin shuɗi, ita ce a 1897 kamfaninta na BASF ya fara sayar da shuni na kemikal, wanda da shi da yadin kanti suka yi ta cinye kasuwar karofi har ramuka da yawa suka zama juji.

Muhawarar ba ta mutu a ƙarni na 19 ba. A 1969 wasu Amurkawa biyu, Brent Berlin da Paul Kay (sunan mutum ne wannan Berlin ɗin, ba garin ba), suka nuna wa masu harsuna 20 guntayen launukan Munsell, suka haɗa da bayanan wasu harsunan har suka kai 98. Suka ce tushen kalmomin launi ba sa wuce 11, kuma harsuna suna samun su ne a jere, kusan yadda Geiger ya faɗa shekara ɗari kafin su. Aiki ne babba. Amma guntayen da suka nuna kusan duk masu cizawa ne iya cizawa, wato tambaya ta uku an rufe ta tun kafin a fara. Da sun zauna da Iya, abin da ta fi sani ba ya cikin akwatinsu. Tun a 1955 wani mai bincike, Harold Conklin, ya nuna irin wannan a wurin mutanen Hanunoo na ƙasar Filifin: su launi a wurinsu haɗe yake da ɗanyantaka da bushewa, abin da ke da ruwa a jiki ɓangare guda, busasshe ɓangare guda. Da na karanta sai na tuna mu ma muna cewa ɗanyen haki, kuma launi muke nufi.

Shin harshe ba ya taɓa ido ko kaɗan ke nan? Yana taɓawa, amma ɗan kaɗan. Rashawa suna da kalma daban ga shuɗi mai haske, daban ga mai duhu. A wani gwaji da aka wallafa a 2007, sun fi saurin bambance shuɗi biyu in sun faɗo a ɓangarori daban na wannan iyakar. Saurin bai kai ƙiftawar ido ba, kuma da aka shagaltar da su da haddar lambobi sai ya ɓace. Haske ma yana da nasa wasan. Kun tuna rigar nan ta 2015 da ta raba intanet biyu, wasu na rantsuwa shuɗi da baƙi ce, wasu fari da ruwan zinare? Ƙwaƙwalwar kowa ce take hasashen irin hasken da aka ɗauki hoton a ciki, ta gyara launin ba tare da ta yi shawara da mai ita ba. Iyayenmu mata sun san wannan tun kafin a yi waya. Shi ya sa a Kantin Kwari za ka ga Hajiya ta ja yadi ta fito da shi bakin rumfa, ba ta yarda da fitilar mai shago ba.

Bayan rasuwar Iya, zanen ya faɗo a rabon mahaifiyata. Da nake shirya wannan shirin na roƙe ta ta ciro min shi in ɗauki hoto in sa muku. Na ɗauka a ɗaki, ya fito baƙi ƙirin. Na fita rana na ɗauka, ya fito shuɗi, wajen ninkin kuma yana wani ja-ja kamar tagulla. Na yi ta juya wayar, ba hoto ɗaya da ya yi kama da abin da ke hannuna, shi ya sa ba ku ga hoto a ƙasan rubutun nan ba.

Ina cikin haka 'yar yayata ta dawo daga makaranta, 'yar aji huɗu, ta tsaya a kaina. Ta ce, "Kawu, zanen wa ye wannan?" Na ce baƙin zanen Iya ne. Ta kalle ni ta kalli zanen, ta ce, "Kai Kawu, wannan ai bulu ne."

Na ce ta kawo hannu ta shafa. Ta shafa, ta ɗago tafinta ta ga ya rine, ta ruga cikin gida tana kiran uwarta ta zo ta gani.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.